Littafin da Illo Ya Ɗinke a Wuyan Mutane

Ni sana'ata fata ce. Nakan sayo ta ɗanya a ƙauyuka, in kai wa majema, in karɓo ta ja wur in sayar wa dukawa, kuma duk wadda ta bi ta hannuna na san inda ta fito da inda ta nufa. Ta nan na san Illo baduku, mai rumfa a bakin hanyar Ƙofar Rini, kusa da marina.

Gajere ne, mai kaurin yatsu, ba shi da yawan magana. Karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. Dukanci gado ne a wurinsa. Yana yin kube, yana yin ragama, amma abin da aka san shi da shi ɗinkin laya. Mutum zai karɓo rubutu wurin malami a naɗe, an ɗaure da zare, ya kawo masa. Illo ya yanki fata, ya lulluɓe, ya bi da basilla, ɗinki ƙanana a jere kamar tsabar gero. Ƙa'idar sana'ar kuwa kowa ya san ta. Abin da aka kawo a naɗe, a naɗe yake komawa. Baduku ba ya leƙawa, mai ita ba ya buɗewa, domin laya in an farke ta, ta tashi aiki.

Shekarar da Nasara suka shigo Sakkwato ina da wasu fatu biyu da suka ƙi sayuwa. Majemi ya cika musu karan dafi, suka fito da duhu, kalar hanta. Duk badukun da ya ɗaga sai ya ajiye. Ana dab da yaƙin Giginya, gari ya rikice, sai ga Illo da sauri ya ce in ba shi duk abin da nake da shi. Su kaɗai suka rage, na ba shi. Ban tambaye shi aikin da zai yi ba, kowa ta kansa yake yi. Sai bayan shekaru ya gaya mini.

Akwai wani malami a unguwarmu, Malam Lawwali. Ba babban gida ba ne, zaure ɗaya ne da ɗalibai kaɗan. Amma yana da wani littafi da yake ji da shi, na ɗaya daga cikin malaman jihadi, wanda ya zayyana yadda za a riƙe ƙasa: abin da ke kan sarki ga talaka, wanda ya cancanta ya yi alƙalanci, abin da za a karɓa hannun manomi da abin da ba za a taɓa ba, har zuwa sha'anin kasuwa. Mahaifin Malam ne ya kwafe shi da hannunsa tun yana saurayi, a gaban mutanen da suka ga jihadi da idonsu, ya kuma cika gefen takardun da bayanin da ya ji daga bakinsu. A lokacin jita-jita ta cika gari cewa Nasara in sun shiga wuri littattafai suke fara ƙonawa. Malam ya yi niyyar bin masu hijira zuwa gabas, ya kuma san hanya ba ta da tabbas.

Ya kira Illo zaure. Kun san littattafanmu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a jere tsakanin bango biyu na fata. Malam ya riga ya ninke kowace warƙa, ya ɗaure ta da zare, ya zuba cikin ƙwarya. Ga kuma wata ƙwarya a gefe, ta layun tsari na gaske da mutane suka yi ta roƙonsa saboda tsoro.

Ya ce, "Illo, wagga ƙwarya littafi ta, waccan ta tsari. Ka ɗinke su iri ɗaya, kada ido shi bambance, amma kada ka gama su wuri guda. Ni zan raba da hannuna."

Illo ya ce, "Allah shi gafarta Malam, wanda anka ba littafi shina zaton tsari na, ba a cuce shi ba?"

"Babu warƙa a ciki da ba ta da sunan Allah. In gari ya kwanta ban dawo ba, ka tattaro ka ba ɗiyata Sadiyatu. Amana ta, kai kaɗai ka sani."

Ya ƙirga masa su a hannu, arba'in da huɗu. Illo ya ɗinke, ya mayar, Malam ya raba, ya bi ayari ya tafi. Bai gaya wa Illo su wa ya ba ba, shi kuma kunya ta hana shi tambaya.

Gari ya kwanta. A unguwarmu dai ban ga an ƙona ko warƙa ɗaya ba, sai ma muka ji Turawan suna neman wanda zai kwafa musu irin waɗannan littattafai su ji abin da ke ciki. Illo ya yi ta jira, yana cewa Malam zai dawo ya kwance abin da ya ɗaure. Kullum yana zaune a rumfa littafin yana wucewa ta gabansa, wata warƙa a wuyan mai tallan hura, wata a damtsen mai ɗaukar ruwa, ba wanda ya sani sai shi. Har aka kwashi shekaru. Sannan wani alhaji ya dawo ta hanyar Barno da labarin cewa Malam Lawwali ya rasu a hanya. Ba a daɗe ba Sadiyatu ta dawo gidan ubanta daga Wurno, mijinta ya rasu, ta share tsakar gida ta fara koyar da mata karatu.

A nan ne Illo ya same ni ina ware fatu.

Ya ce, "Maccido, kai da ba ka manta ƙashin akuya, ka tuna wasu hwatu biyu masu duhu?"

Na ce, "Kalar hanta, ɗaya da tabon ƙaya a gindin wuya. Mi sunka yi?"

Ya zauna ya kwashe labari ya gaya mini. Kafin ya rufe baki na gama lissafi. Fatar akuya ɗaya tana ba da laya talatin da 'yan kai, biyu sittin da 'yan kai ke nan. A cire arba'in da huɗu, saura kusan ashirin na tsari. Duk kalarsu ɗaya, ɗinkinsu ɗaya, kuma duk wanda ka tambaya zai ce maka Malam Lawwali ne ya ba shi. Na ce masa, "To ai sai mu tashi. Kalar nan ba ta da ta biyu a garin ga, ko daga nesa na san ta."

Muka fara zuwa wurin Sadiyatu. Ta tsaya bayan asabari, mu muna zaure. Illo ya gaya mata labarin littafin. Ta ce ta neme shi cikin kayan Malam ba ta gani ba, ta ɗauka da shi ya tafi. Tana yarinya ta sha ganinsa a hannun Malam, amma ba ta kai ga karanta shi ba aka yi mata aure. Ta ce duk wanda ya yarda ya ba da tasa, ita za ta rubuta masa ayoyin tsari a madadi. Illo ya ce shi kuma zai ɗinke kyauta.

Na farko da muka tunkara marini ne, maƙwabcin Illo. Ya yi ta jan magana, daga baya ya tuɓe ya miƙa. Illo ya sa bakin aska ya bi ɗinkin nasa yana tsinkewa ɗaya-ɗaya. Tunda ya fara sana'a bai taɓa yin haka ba. Takarda ta fito, muka kai wa Sadiyatu, marini na biye da mu. Ta ce hannun kakanta ne. Ta karanta ta juya mana da Hausa: magana ce a kan alƙali, cewa kada ya karɓi ko goro daga hannun mai ƙara.

Marini ya riƙe baki. Ya ce, "Shekara da shekaru ni nike ɗauke da alƙali a wuya? Shi ya sa wuyan ga bai taɓa daina ciwo ba!"

Abin bai ci gaba da zama na dariya ba. Cikin goma sha biyu na farko da muka farke, biyar ba na littafi ba ne, tsari ne na gaske, mun ɓata wa masu su. Ɗaya ta wani ɗan kokawa ce da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Aka rubuta masa sabuwa, aka ɗinke, ya ɗaura, kaka na yi wani ɗan ƙauye ya kwashe shi ya yi ƙasa da shi gaban jama'a. Ya zo rumfar Illo ya yi ta zagi har aka taru. Daga ranar yara suka sa masa suna Illo Farke-Laya. Masu kawo ɗinki suka janye. Wa zai ba da asirinsa ga badukun da aka ce yana buɗewa? A da nakan kai masa fata huɗu a wata. Ta koma biyu, ta koma ɗaya.

Na ce masa, "Baba Illo, sana'arka za ta mutu."

Ya ce, "Na gani. Amma ni na ɗinke su. Kuma Maccido, in hwaɗa maka gaskiya, so nike in ji ƙarshen maganar. Ana karanta min tsakiya, ba kai ba gindi."

Wannan ne halinsa da ban sani ba sai a lokacin. Duk warƙar da aka samo sai ya zauna a zaure an karanta masa, ya yi ta tambaya. Wa zai kai ƙarar sarki in sarki ya ci zali? In shanun mai dukiya sun shiga gonar talaka, wa ke biya? Sadiyatu takan ce, "Baba, amsar tana warƙa ta gaba." Shi kuma ya ce, "To warƙa ta gaba tana wuyan wa?"

Ni kuwa abin da ya dame ni asarar da muke yi. Na zauna na jera masu na littafi a gefe guda, masu na tsari a gefe. Na tsari: ɗan kokawa, fatake biyu, mai doki, wani saurayi. Na littafi: marini, makaho, tsohuwa mai daddawa, maginin tukwane, mace biyu da suke jego a wancan lokaci, gurgu mai saƙar tabarma. Na duba na sake dubawa, sai abin ya faɗo mini. Na tashi da gudu, ko takalmi ban tsaya sawa ba.

Na ce, "Baba Illo, Malam bai ba masu ƙafa ba! Waɗanda ba su iya gudu ya ba. Marini ba ya ɗaukar rijiyar rini a ka, makaho ba ya bin ayari, mai jego ba ta tahiya. Ya zaɓi waɗanda ya san ko mi za a yi, nan za a iske su."

Illo ya ajiye basilla ya ce, "Allah shi jiƙan Malam."

Daga nan aiki ya miƙe. In muka ga kalar hanta, tambayarmu ɗaya ce: ranar da Nasara suka shigo, mene ne ya hana ka fita gari? Bayan haka biyu kawai muka ƙara ɓatawa. Amma fa an sha yawo. Wata tsohuwa ta rasu ta bar wa jikanta, shi kuma ya rataya wa jakinsa, sai da muka bi jakin har kasuwar Kware. Wata mun same ta rataye a bakin rumbu, wai tana hana ɓera. Wata ta bi amarya Gwandu, ni na je na karɓo da zan tafi sayen fata. Wani mai rowa ya ce ba zai bayar ba sai an kwafa masa abin da ke ciki daidai, kada a yi masa musanye da ayoyin da kowa ke da su. Aka kwafa masa. Hukuncin gyaran rijiyoyi da hanyoyi ne.

Sadiyatu ita ke jerawa. Ashe a ƙasan kowace warƙa, can kusurwa, marubuci yakan rubuta kalmar da za ta fara warƙa ta gaba, don in iska ta watsa a iya haɗawa. Da wannan take gane wace ke bin wace, da inda giɓi yake. Ita ce kuma ta fara nuna mana abin tsoro. Waɗanda aka rataya a bango ko rumbu lafiya lau suke. Waɗanda suka zauna a jikin mutum kuwa zufa da man shafawa sun ratsa fata, tawada ta fara narkewa a bakin ninki. Kowace damina tana cin layi. Ga shi idon Illo ya fara yin yana, kuma ba wanda zai iya tsinke ɗinkinsa bai yanki takarda ba sai shi.

Haka muka kai arba'in da uku. Saura ɗaya, ta talatin da ɗaya a jeri.

Mun san inda muke zato. Iyatu mai awo, wadda ke sayar da gero da shinkafa a bakin kasuwa, mace mai baki, ba a ja da ita. Ta haifi uku sun koma. Ta huɗu, Zulaihatu, tana kwance da agana ranar da gari ya watse, shi ya hana uwar gudu. Malam Lawwali ya rataya wa yarinyar laya, ta tashi. Tun daga ranar ba a cire ta ba ko don wanka. Yanzu Zulaihatu ta yi aure, ga ta da cikin fari, ta dawo gida wurin uwarta haihuwa.

Muka je wurin Iyatu a kasuwa. Tana hango mu ta ɗaga mudu.

"Kada ku ƙaraso! Baduku, na ji labarinka. Ka gama da wuyan maza ka zo na ɗiyata?"

Illo ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce, "Iyatu, amanar mamaci ta."

"Ni ma amana Allah ya ba ni, guda ɗaya tak. Kai ka binne uku? In ka farke ka iske ba littafin ba ne hwa, kamar ta ɗan kokawa?"

"Ba ni da tabbas. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"To ka gani. Kai kuma Maccido, da kake ta motsa baki, mi kake ƙirgawa, haƙorana?"

Na ce Malama Sadiyatu za ta rubuta mata ayoyi sababbi. Ta ce Malama ta riƙe abinta. Na ce to bayan haihuwa. Ta ce bayan haihuwa jariri za a rataya wa. Muka dawo. Na so mu tura mata dattawan unguwa, Illo ya hana. Ya ce, "In an tilasta mata wani abu ya samu yarinyar, ina za ni sa kaina? Kuma littafin da kanai ya ce kada a karɓi abin mutum sai da yardarsa. Warƙar makaho ta." Daga nan ya daina zancen, amma na ga yana ramewa.

Abin da ya biyo baya matata Habiba ce ta gaya mini, domin tana cikin masu zuwa karatu. Sadiyatu ta ga tunda an samu mafi yawa, sai ta fara karanta wa mata littafin daga farko, kaɗan-kaɗan bayan la'asar, tana juyawa da Hausa. Mata suka cika gida, musamman waɗanda suka ba da nasu, kowace tana jiran a zo kan warƙarta ta gyara zama. Iyatu ma ta fara leƙowa, wai ta kawo wa Malama tsaba ne. Takan tsaya bakin ƙofa da ƙwarya a ka, kamar mai shirin tafiya, har a tashi.

Ranar da aka zo warƙa ta talatin, magana ta shigo kasuwa. An faɗi yadda sarkin kasuwa zai riƙa zagayawa yana duba ma'auni, da cewa mudun saye da mudun sayarwa ɗaya ne. Mata suka fara satar kallon Iyatu. Sadiyatu ta ci gaba: "Idan kuwa aka kama mai awo ya tauye mudu, to hukuncinsa shi ne..." Sai ta tsaya, ta kife warƙar.

Iyatu ta sauke ƙwarya. Ta ce, "Shi ne mi?"

"Nan warƙar ta ƙare, Inna."

"To kalmar nan ta ƙasa da kike dubawa, mi tac ce?"

Sadiyatu ta duba. "Ƙaramar kalma ce. Ma'anarta 'a'. A yi kaza. Kazan shina warƙa ta gaba."

"A yi mi? A daka? A kora? A yanke?"

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Tambayi wuyan ɗiyarki." Gida ya kwashe da dariya.

Iyatu ta ce, "Ni muduna cikakke na, kowa ya sani! Malama, ke da kinka yi karatu, ba ki san hukuncin ba?"

Sadiyatu ta ce, "Na san abin da wasu littattafai sunka ce. Abin da wanga ya ce ban gani ba, kuma ba ni sa wa marubuci magana a baki."

Habiba ta ce Iyatu ta fita ko ƙwaryarta ba ta ɗauka ba. Daga nan muka riƙa jin labarinta. Ta je wurin limamin unguwa, ya ce a yi wa mai laifin gargaɗi tukuna. Ta aika a tambayo wani malami a Ƙofar Kware, ya ce a fitar da shi daga kasuwa. Na uku ya ce abin yana ga yadda alƙali ya gani. Duk sun faɗi gaskiya gwargwadon littafin da kowa ya karanta, amma ita ba wannan take nema ba. Wanda ke gidanta take so ta ji. Zulaihatu ta gaya wa Habiba cewa uwar takan zauna ta ƙura wa layar ido, ta latsa ta da yatsa, ta ɗaga ta saitin rana ko za ta hango wani abu. A kasuwa ma abokan awo sun samu abin tsokana. Duk wadda ta wuce sai ta ce, "Iyatu, a yi mi?"

Wata safiya ina rumfar Illo, sai ga ta tafe, Zulaihatu na biye da ita a hankali, ciki ya tsufa.

Ta ce, "Baduku, tashi. Ba don kai ba, ba don Malam ba. Ni dai ba ni iya barci da rabin magana a ɗakina."

Illo ya dubi yarinyar. Ya ce, "Ke hwa, ɗiyata? Wuyanki na."

Zulaihatu ta ce, "Baba, ni ma so nike in ji abin da nike ɗauke da shi tun ban san kaina ba."

Muka ɗunguma zauren Malam. Iyatu da kanta ta cire layar, ta yi bisimilla, ta miƙa. Fatar ta yi baƙi, ta yi santsi kamar dutsen rafi. Illo ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya kai ta dab da idonsa, ya fi lalube da yatsa fiye da gani. Ni dai addu'a nake ta yi, domin in ta fito tsari ce, lissafina ne ya ja mu. Fata ta buɗe, ya warware zare, ya miƙa ta bayan asabari a ninke yadda take.

Muka ji ƙarar takarda. Sai Sadiyatu ta ce, "Hannun kakana na. Kalmar ta dace."

Illo ya zauna daɓas a ƙasa yana share hawaye.

Iyatu ta ce, "Ku bar koke-koke. A yi mi?"

Zufa ta cinye layi uku a tsakiya, amma na sama suna nan. Sadiyatu ta karanta: a tara mutanen kasuwa, a fasa mudun a gabansu, a sa shi ya cika wa duk wanda ya tauye wa. In ya sake, a tashe shi daga kasuwa har sai an ga tubarsa. A gefe kuma kakan Sadiyatu ya ƙara da ƙaramin rubutu cewa ya ji daga malaminsa, in mace ce mai ciyar da marayu, a yi mata a ɓoye kada a kunyata ta.

Iyatu ta ce, "Shi ke nan? Ba yanke hannu?"

"Babu, Inna."

"To wallahi sun yi sauƙi. Da ni anka tambaya, akwai mutum biyu a layinmu da sai an haɗa da bulala." Ta juya wajen asabari. "Amma wanga na gefe, na marayu, mai hankali ya hwaɗe shi. Sake karanta min."

Aka sake karanta mata. Sannan ta ce a kwafa mata warƙar yanzu-yanzu, har da na gefen, a ɗinke a mayar wa yarinya kafin naƙuda.

Sadiyatu ta ce, "Inna, maganar mudu ta, ba ta haihuwa ba. Bari in rubuta miki ayoyi."

"Ki rubuta ayoyin ki gama da ita. Da mudun ta tashi daga agana, da shi ta girma, shi jikinta ya sani."

Aka rubuta. Illo ya ɗinke nan take a zauren, da guntun fatar da ke aljihuna. Ita ce laya ta ƙarshe da ya ɗinka. Masu kawo masa ba su dawo ba, ido kuma ya ƙarasa tafiya, ya koma yin guga da igiyar fata, aikin da hannu ke yi ba sai da ido ba, har Allah ya karɓi abinsa shekarar da aka yi yunwa. Littafin kuwa mutum uku na sani da suka zo suka kwafa, kuma duk sun bar gurbin layukan da zufa ta ci, ba su cike da ka ba. Na ƙirga su, goma sha tara ne a littafin duka.

A ranar dai, da ya gama, Iyatu ta karɓa ta jujjuya ta a hannu, ta taɓe baki.

"Baduku, wanga ɗinki ya karkace. Na da ya hi kyau."

Illo ya ce, "Na da ina gani na yi shi. Wanga kuwa na san abin da ke ciki. Rataya mata, ku tahi gida."